Kason Baba Alhaji a Intanet ɗin Gidanmu

Shekarar da aka kawo mana intanet gida na riga na wuce hamsin, ina da jikoki, kuma ina zuwa aji. Wanda zai yi dariya ya yi, an riga shi. Tun ranar da na ɗauki littafi da fensir na nufi ajin yaƙi da jahilci ake yi mini ita, har ta ƙare wa masu yi. Da furfura a goshina na koyi karatun boko. Na gama ajin farko, na gama na gaba, sai aka ce akwai wani horo da ake ba irinmu don mu ma mu koyar da matan garuruwanmu. Wata malama ce a Zariya take koyar da mu ta kiran bidiyo duk safiyar Asabar. Wadda ta ci jarrabawa a ba ta takarda, a buɗe aji a garinsu, ita ce malama. Wadda ta faɗi, garinsu ya zauna babu aji. A garinmu ni kaɗai na shiga.

Garin namu a lungu yake. In ka baro Funtuwa a kan titin Malumfashi, sai ka yanki hannun dama kamar mai zuwa Danja, ka yi ta ratsa gonakin masara. Sabis ɗin waya a wurinmu sai ka hau tudun bayan makaranta ka ɗaga hannu sama. Na yi hakan wasu Asabar ɗin, mace da girmana, tsaye kan tudu da hijabi ina ɗaga waya, awaki suna kallona. Ana cikin haka babban ɗan Baba Alhaji, wanda ke aiki a Abuja, ya zo hutun Sallah, wayarsa ta ƙi aiki, ransa ya ɓaci. Da ya koma sai ya turo mutane suka kafa dogon ƙarfe a kan zaure, suka ɗaura masa wani farin abu kamar faifai yana kallon Funtuwa, suka sa sola, suka maƙala wani akwati mai 'yan fitilu a bangon zaure. Ya ce shi zai riƙa biya duk wata, kuma wannan ba irin datar kati ba ce, ba ta ƙarewa.

Baba Alhaji shi ne wan mijina, shi ne mai gida. Gandu ne na 'yan'uwa uku: shi, sai Malam mijina, sai autansu mai fataucin masara a kasuwar Dandume. Ga matansu, ga 'ya'ya masu aure, ga jikoki, kowa da waya in ka cire masu rarrafe.

Lambar shiga ɗaya aka ba mu. Kafin mako ya zagayo ta zama ta gari. Ba wanda ya sayar da ita, kunya ce kawai. Suruki ya tambaye ka, za ka ce a'a? Liman ya tambaya fa? 'Yan acaba suka mayar da gindin katangarmu tasha. Mai shayi ya ɗauko teburinsa daga bakin kasuwa ya dasa a ƙofar gida, ya ce inuwar nan ta fi daɗi, alhali ko bishiya babu a wurin. Ɗan masallacinmu na ƙofar gida da sahu bai taɓa cika ba sai ga shi ana shimfiɗa tabarmi a waje, Baba Alhaji yana ta godiya ga Allah samari sun shiryu. A cikin gida kuwa facalata, matar auta, ta jingina waya da turmi tana kallon fim ɗin Indiya mai fassara daga safe har rana ta faɗi, tana tankaɗe tana kuka.

Ni da aka ce abin zai taimaka, na koma gara tudu. Asabar ta zo, in shiga aji, Malama ta fara magana, sai fuskarta ta daskare baki buɗe, ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa a kan hancinta. In ta dawo ta yi nisa, ana wani darasin. Na amsa tambaya sau da yawa bayan an wuce ta, 'yan aji suna jin muryata ta faɗo musu a tsakiyar wata magana. Ran nan Malama ta gaya mana yadda jarrabawa za ta kasance. Kowace za ta kafa allo, ta zaunar da babban mutum ɗaya wanda bai iya boko ba, ta koyar da shi a gabanta. Sai ta ga fuskarki, ta ga allo, ta ji muryarki daga farko har ƙarshe. In hoto ya yanke ba za a sake ba, don mata suna da yawa a layi. Ta ce musamman da ni take, mai daskarewa.

Na gaya wa Malam, ya ce in yi haƙuri. Malam mutumin kirki ne, amma da haƙuri ake buɗe aji da tuni yana da jami'a. Na leƙa waje na gaya wa 'yan acaba abin da ya sauƙaƙa, suka ce Allah ya huci zuciyar Mama, suka matsa taku kaɗan suka ci gaba. Sai na hau tudu na kira ɗan Abuja da kaina. Ni na yi masa wanka yana jariri, ba na jin nauyinsa. Na ce masa fitina ya kawo mana gida ya tafi, in bai zo ya gyara ba zan sa a sauko da faifan nan in riƙa rufe tukunya da shi. Ya yi dariya, ya ce zai turo Injiniya.

Injiniya dattijo ne mai farin gemu daga Funtuwa, da can gyaran rediyo da talabijin yake yi. Ya zo kan babur da wani ɗan akwatin daban a jaka. Maza suka taru a zaure, ni kuma na tsaya bayan ƙofar cikin gida da tsintsiya, ina share wurin da na riga na share. Ya ce musu gaskiya ne abin ba ya ƙarewa, amma yana da faɗi, kamar tiyon injin ban ruwa. Ruwan rafi bai ƙare ba, amma abin da tiyo zai ɗauka a lokaci guda ba ya wuce faɗinsa, mu kuma mun bar kowa ya huda ya kai fangalinsa, mai kallon fim ya huda babba, na ƙarshen layi ya tashi da laima. Wannan sabon akwatin, in ji shi, mai tsaron ƙofa ne. Duk wayar da za ta fita duniya sai ta bi ta wurinsa. Kowa za a ba shi lambarsa, lamba ɗaya waya ɗaya a lokaci guda, kuma akwatin zai auna wa kowa iya abin da zai wuce masa, komai kwaɗayin wayarsa. Shi a ganinsa a raba daidai wa daida, a kuma sa mai kira ya riga mai kallon fim wucewa.

Da ya tsaya nan ya ɗaura abinsa ya tafi, da ban da labarin da zan rubuta. Sai ladabi ya ɗebe shi, ya juya ya ce, ko mai gida yana da yadda yake so a raba?

Ka tambayi mazan gidanmu rabo a zaure, abu ɗaya suka sani, yadda ake kasa naman watanda. Ba wanda ya ma tsaya tunani. Baba Alhaji kaso mafi tsoka, ya kusa rabin tiyon. Sai ƙannensa. Sai 'ya'ya masu iyali. Sai mata, kowace bisa matsayin mijinta. Sai samari. Sai kason baƙi, don gidan nan ba a taɓa korar baƙo ba. Injiniya ya ce to ina wayar mai gida, a sa mata lamba. Baba Alhaji ya zaro ta daga aljihu, 'yar ƙaramar nan mai madannai da tocila, an ɗaure bayanta da kyauro. Injiniya ya dube ta, ya dubi rufin zaure, ya karanta masa lambarsa kawai. Sau ɗaya ya ji ya haddace, mutumin da ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro.

Injiniya ya ƙara gwada wata dabara. Ya ce akwatin yana da hikima: in mai kaso ba ya amfani da nasa, sai ya gangara wa duk mai buƙata, da zarar mai shi ya shigo a mayar masa. Baba Alhaji ya tambaya, ba tare da an tambayi mai shi ba? Injiniya ya ce ai akwatin ne zai yi da kansa. Baba Alhaji ya ce to sata ce ke nan aka koya wa na'ura, ba a gidansa ba, haƙƙin kowa ya tsaya inda yake. Na ji maza suna cewa gaskiya ne, gaskiya ne. Na kusa karya tsintsiyar.

Ba zan ce abin bai yi aiki ba. Kason baƙi siriri ne, 'yan acaba suka watse. Sahun masallaci ya koma yadda yake, Baba Alhaji ya ce shiriyar samarin zamani ba ta jimawa. Facalata fim ɗinta ya dusashe, ba ta bambance jarumi da mugu sai ta murya, amma ba ta fasa kuka ba. Ni kuwa kasona ya ishi magana, murya tana fita tar. Hoto ne babu. In na kunna kyamara, Malama ta ce tana ganin wani abu kamar kunu ana dama shi, wai ni ce.

Malam ya ce in ɗauki lambarsa, tasa ta fi tawa kauri. Na gwada wata Asabar, hoto ya fito, na fara murna, sai aka wurgo ni waje. Na koma, aka sake wurgo ni. Ashe Malam ya ba mai shayi lambarsa, ya ba liman, ya ba wani abokinsa mai faci, kuma akwatin waya ɗaya yake karɓa, duk wanda ya shigo sai ya ture na ciki. Na ce ya karɓe abinsa, ya ce da wane bakin? Na bincika ta auta, haka. Ta 'ya'yan, haka. Duk namijin gidan nan lambarsa ta zama ta gayya. Lamba ɗaya ce tak ba wanda ya taɓa samun ƙarfin halin roƙa, kuma ita ce rabin tiyo.

Jarrabawa ta matso. Na tura Malam wurin wansa ya aro mini. Ya je ya daɗe, ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce Yaya ya ce a gaya wa iyalinsa ta yi haƙuri, shi nasa tarawa yake yi.

Na ce tara me?

Sai Malam ya zauna ya ba ni labari da ƙaramar murya. Baba Alhaji ya ɗauka kasonsa taruwa yake yi a cikin akwatin, kamar hatsi a rumbu. Tun da aka ɗaura bai taɓa ko ƙwaya ba, kuma da gangan. Mutum ne da ya ga shekarun yunwa yana saurayi, har yau ba a buɗe babban rumbunsa sai damina ta raba. Lissafinsa shi ne, aikin Abuja ba gado ba ne, wata rana yaron zai kasa biya, na kowa ya ƙare, ranar nan shi zai buɗe nasa ya ciyar da gida. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya tsaya gaban akwatin ya ga fitila kore, ya gyaɗa kai. Har ya tambayi liman ko abin yana da zakka in ya shekara, liman ya ce zai duba.

Na tambayi Malam ko shi ma haka ya ɗauka. Ya ce a'a, ya san ba haka ba ne. Auta ma ya sani, 'ya'yan sun sani, liman ma da ke shiga da lambar Malam ya sani. Na ce to me ya hana ku gaya masa? Ya dube ni kamar na ce ya je ya tuɓe wa wansa hula a kasuwa.

Don in tabbatar, na kira Injiniya. Ya ce ko kaɗan ba ya taruwa, kamar ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gada ne, wanda ba ka ɗiba ba ya tafi. Na ce daga shagonsa zai iya ƙara mini? Ya ce zai iya, a zaune ma, amma a gaban mai gida aka yi rabo, ba zai taɓa ba sai da bakin mai gida. Na gaya masa ra'ayina a kan ladabinsa, ya ce ya gode.

Yanzu sai in faɗi abin da mutanen garinmu ba za su yarda ba. Ni da na yi da mahauta, na yi da direbobin tasha, na taɓa tsayar da hedimasta a gaban ɗalibansa, sama da shekara talatin ina gidan nan ban taɓa haɗa ido da Baba Alhaji ba. Wan miji ne. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wajen, in wuce. In yana da magana da ni, ƙanensa yake ba saƙo, ka gaya wa iyalinka. In ina da magana da shi, Malam nake ba, ya rage mata gishiri a hanya. Ban san kalar idonsa ba. Ƙafafunsa na sani, da bakin rigarsa.

Ran Alhamis bayan la'asar na ga zaure ba kowa sai shi, yana kan buzunsa da carbi. Na sa hijabi, na je bakin ƙofar ciki na durƙusa, na yi sallama. Ya amsa, ya ce ƙanensa yana gona. Na ce na sani, wurinsa na zo. Na ji carbin ya tsaya.

Na yi niyyar in zagaya, in fara da gaisuwa da addu'a da labarin aji. Amma ni ban iya zagaye ba, ko da ina tsoro.

"Allah ya ƙara maka lafiya, abin da kake tarawa a akwatin nan, babu shi."

Sannan ya ce, "An taɓa ne?"

"Ba wanda ya taɓa. Ba ya taruwa ne. Wucewa yake yi, kamar ruwan rafi. Na yau in ba a ɗiba ba ya tafi."

"Na duk watannin nan?"

"Duk."

"Ina ya tafi?"

"Bai ma shigo ba, ranka ya daɗe. Ƙofarka ce aka buɗe da faɗi, ba wanda ya bi ta cikinta."

Ina kallon ƙasa, amma na ji ya juya wajen akwatin. Ya daɗe. A lokacin ne na ji tausayinsa ya kama ni, don na san ba don kansa yake tarawa ba. Ya tambaya wa ya san da wannan magana. Na ce kowa. Ya ce har ƙanensa? Na ce shi ya fara sani. Allah ya yafe mini, Malam bai ci tuwon kirki ba ranar. Sai na faɗi buƙatata a taƙaice: jibi jarrabawa, in hoto bai fita ba babu takarda, in babu takarda matan garin nan babu aji. Ya ce in tashi in je, ya ji.

Washegari Malam ya kawo amsa, kunnuwansa har lokacin da zafi. Yaya ya ce aro zai ba da, ba kyauta ba, iya lokacin jarrabawa. Kuma a zaure za a yi, a gabansa, don yana so ya ga wannan abin da aka ce nasa ne da idonsa, tunda an ce ba ya tsayawa.

Asabar aka tashi da laima, an yi ruwa kafin asuba. Na sa aka kai allona zaure aka jingina da bango. Na kife turmi, na ɗora buhun taki wanda aka fara, na kafa waya a kai. Ɗalibata maƙwabciyarmu ce, wata tsohuwa mai daddawa, na kwana biyu ina shirya ta, har ta san inda za ta yi kamar ba ta gane ba. Ta zo da sabon zane. Ta sa ƙafa a zaure, ta ga Baba Alhaji zaune kan buzu, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta bar tukunya a wuta. Na bi ta har ƙofa ina kira a hankali, ko waiwaye ba ta yi ba. Tsohuwar da ke tafiya da sanda, ranar ban ga sandar ta taɓa ƙasa ba.

Lokaci ya yi. Baba Alhaji ya karanto lambar da ka, ina dannawa. Kira ya shiga.

Watanni ina karatu wurin matar nan, ranar na fara ganinta da kyau. Ashe tana da wushirya. Ashe ba ta kai 'yata ta biyu ba. Har zanen labulen bayanta ina gani. Ita ma ta ce ikon Allah, yau ga Mama da fuska, har ƙadangaren da ke bango tana gani. Sai ta ce lokaci kaɗan ne, mu fara. Ta hango bayana ta ce, "Wannan ne ɗalibin naki? Sannu Baba, Allah ya ƙara ƙoƙari. Maza ba su cika yarda su zauna ba."

Kafin in ce a'a, sai Baba Alhaji ya tambayi bango, don ba ni zai tambaya kai tsaye ba, me yarinyar take cewa. Na gaya wa ƙasa cewa in babu ɗalibi babu jarrabawa, kuma ɗalibar ta gudu. Sai na ji ƙarar buzu ana ja. Ya juya ya fuskanci allo, ya ce shi aro ya bayar, kuma ba zai karɓi abinsa ba sai an yi aikin da aka ara dominsa.

Darasin da na shirya kalmar masara ce, gaɓa-gaɓa. Na fara da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba, siririya, ina yi wa tabarma bayani. Malama ta ce ba ta ji, in ɗaga murya. Na ɗaga kaɗan. Ta ce in dubi ɗalibina, ba a koyar da mutum ana kallon ƙafarsa. Na ɗago. Ashe idonsa ɗaya ya fara yana, ban taɓa sani ba. Na rubuta gaɓar farko, na karanta, na ce a maimaita. Ya maimaita da ƙira'a, kamar mai jan baƙi. Na miƙa masa alli da hannu biyu na ce a gwada rubutawa a ƙasan nawa.

Ya matso, carbi a hannu ɗaya, alli a ɗaya, ya kai hannu can ƙarshen allo na dama ya fara jawowa hagu.

Na ce a hankali, daga hagu ake farawa. Ya ce duk rubutun kirki da ya sani daga dama yake farawa, ya ci gaba da abinsa. Na sake faɗa. Ya ce shekara nawa yana rubutu kafin a haife ni. Na saci kallon waya, Malama ta sunkuya tana rubuta wani abu a takarda. Na tuna tudu, na tuna awaki, na tuna matan da suka riga suka sayi fensir suna jirana. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"A ajiye carbin nan tukuna, hannu ɗaya ba ya aiki biyu. A gyara zama. A ajina daga hagu ake farawa, in an tashi kowa ya fara ta inda ya ga dama. Kawo allin."

Na karɓe allin daga hannunsa, na goge abin da ya yi da gefen hijabina, na sa masa ɗigo a hagu na ce daga nan. A bayan ƙofar ciki na ji wani abu ya faɗi. Daga baya facalata ta ce Malam ne, suna leƙe tare, da ya ji na ce a gyara zama sai ya yi tuntuɓe da buta, ya ɗauki fartanya ya fita ta ƙofar baya.

Baba Alhaji ya ajiye carbi. Ya gyara zama. Ya sa alli a kan ɗigon, ya ja harafin farko, ƙato, mai ƙafafu kamar na gado. Na ce ya yi, amma a rage girma, allon ba gona ba ne. Ya yi na biyu. Na ce a karanta. Ya karanta. Muka shiga gaɓa ta biyu, wannan harafin mai lanƙwasa ya ba shi wuya, ya juya masa baya, na goge, ya sake, na goge, ya ce wannan ai maciji ne, na ce to a zana macijin yana kallon inda na ce. A karo na gaba ya fito. Duk wannan hoto bai ko girgiza ba. Muna shirin gaɓa ta uku Malama ta ce lokaci ya cika.

Malama tana share hawayen dariya da bakin mayafi. Ta ce faɗana ya yi yawa, in na yi wa mata haka rabin ajin za su gudu, ta rage mini maki a nan. Amma allo ya fito, murya ta fito, ɗalibi ya shigo bai iya ba ya tashi da gaɓa biyu. Ta ce na ci, in fara neman ɗakin da za a yi aji.

Ina jin haka ƙafafuna suka tuna a gaban wa nake tsaye. Na sulale na durƙusa, idona ya koma ƙasa. Baba Alhaji kuwa ya matsa gaban waya ya kawo fuskarsa daf da ita, ya gaida Malama, ya tambayi iyayenta, ya tambaya ko an samu ruwan jiya a Zariya, ko masararsu ta fara goyo, wane taki suka sa bana. Baiwar Allah tana amsawa tana cewa Baba akwai masu jira, shi kuma yana cewa to madalla, ina kuma labarin tsutsa, ta shigo musu? Aji ya tashi, ba ni da bakin katse shi. Sai da ta roƙe shi gafara ta kashe da kanta.

Ya koma kan buzunsa ya ɗauki carbi. Ya gaya wa bango cewa aro ya ƙare, a cire waya daga lambarsa. Na cire. Na naɗe tabarma, na sauke buhun taki, na kai hannu zan ɗauki allo.

Ya ce a bar wannan a nan, da allin. Saura gaɓa ɗaya.